Sawun Baƙin Mai a Fuskar Waya

Maman Auta tana durƙushe a ƙarƙashin teburin akanta, tana kankare cingam ɗin da wani ƙato ya liƙa, sai ƙaramar wayarta ta hau ruri a aljihun rigar aiki. Ba ta saba ɗaukar waya a bakin aiki ba, domin ma'aikatan wannan bene irin mutanen nan ne masu son su tarar da ofis fes, amma ba sa son ganin mai sharar, balle jin muryarta. Wayar ta katse, ta sake kamawa, ta katse, ta sake kamawa. Dole ta zare safar roba ta danna.

Mai Faci ne, aminin mijinta, wanda rumfarsa ke jingine da garejin da mijin ke gyaran motoci.

"Maman Auta, ajiye abin da kike yi ki taho babban asibiti. Mutumin naki ne ya faɗi."

"Ya faɗi daga ina? Mota ce ta danne shi?"

"Ba mota ba ce. Yana tsaye yana yi wa wani faɗa a kan ya bar injinsa ba mai, sai muka ga ya sulale. Ki dai zo."

Tun da ta kama aiki a wurin ba ta taɓa barin bokiti a tsakiyar hanya ba. Ran nan ta bar shi da mofa a ciki, ta sauka matakala da safa ɗaya a hannu.

Ta tarar da mijin a gadon ƙarshe, kusa da taga, an sa masa ƙarin ruwa da robar iska a hanci. Mutumin da in ya yi dariya a gareji har tsallaken titi ake ji, ga shi kwance bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya saki kamar ba nasa ba. Ido ɗaya ne kawai ke aiki, shi ne ya bi ta da kallo tun daga ƙofa har ta iso. Ta ce, "Baban Auta, ni ce." Ya motsa leɓe, ba abin da ya fito sai yawu. Ta sa gefen mayafi ta share masa.

Likitar ta ja ta bayan labule. Mace ce da gajiya ta zauna mata a fuska, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce jijiya ce ta fashe masa a kai, jinin bai daina zuba ba, kuma wurin da yake ba inda wuƙarsu za ta kai ba ne.

"Mama, in akwai wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi yau. Kin ji na ce yau."

Akwai kuwa, mutum ɗaya tak, ɗansu Auta. Sunan Auta wasa ne da ya bi shi, don shi ne na fari shi ne na ƙarshe, Allah bai ba su wani ba. Yana aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya, yau yana wannan tasha, gobe yana waccan, kuma kusan duk inda suka sauka sai ya sayi sabon layi. Ba ya kiran ƙaramar wayarta, ya ce tsadar ta yi yawa. Ta babbar wayar ubansa yake kira, irin kiran da ake ganin fuska. Uban ne ke ɗauka, su sha hirar fistin da famfon mai har ta fara gyangyaɗi, sannan ya miƙo mata ya ce, "Ga ɗanki, ki riƙe da kyau, kada ki nuna masa rufin ɗaki."

Kiran ƙarshe bai ƙare lafiya ba. Uban ya ce yawon ya isa haka, ya dawo ya karɓi gareji. Ɗan ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin motocin mutane ba. Magana ta jawo magana, har Baban Auta ya ce, "To kada ka sake kirana sai ran da za ka zo ɗaukar gawata," ya kashe wayar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban ya kafe, ɗan ya kafe, aka kwashe makonni ba wanda ya nemi wani. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi yajin magana na yini guda, Baban Auta ya ce ta bar yaro ya gane kurensa.

Yanzu ga bakin da ya faɗi maganar ya rufe, maganar kuma tana nan daram. Abin da ya fi tsaya mata a rai ke nan. Mutuwa dole ce, ta san da wannan. Amma a ce mutumin nan ya tafi da wannan kalma a tsakaninsa da ɗansa, yaron ya ɗauke ta a ka har ƙarshen ransa, wannan ne ba za ta iya zuba ido ta gani ba.

Ta fita baranda ta ciro wayarta. Maman Auta ba ta yi karatu ba, amma wayar nan ba ta taɓa ba ta wahala ba, don ta yi mata nata rubutun. Ta ɗiga jan farce a kan maɓallai: ja na maigida, shuɗi na shugabar masu shara, ruwan hoda na Auta. Ta danne ruwan hodan ta riƙe. Wata mata mai sanyin murya ta gaya mata lambar ba ta aiki. Layin tun na wata tashar da ya bari bara ne. Ta sake dannawa duk da haka, matar ta sake maimaitawa, ko gajiya ba ta yi.

Mai Faci ya zo ya miƙo mata baƙar leda. "Ga kayan aljihunsa, nas ta ce a ba iyali. Bari in je in karɓo allurar da suka rubuta, in na dawo sai mu nemo yaron a wayar."

Ko ba a gaya maka ba, kana buɗe ledar za ka san kayan bakanike ne, kuma bakanike mai taurin kai. Tarin mukullai a zobe ɗaya da tsohon fulogi a rataye. Tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da wayar wuta, alhali ta sha cewa ya sayi sabo. Guntun fensir da yake saƙalawa a kunne. Ƙaramar sifanar da ko Mai Faci ba ya ba aro. Sai wayar, an zagaye ta da yankin robar taya don kada ta zame daga hannu, fuskarta kuwa dame-dame da baƙin mai, har ba ka ganin kanka a ciki.

Hali zanen dutse. Maman Auta mace ce da in hankalinta ya tashi, hannunta ke fita neman abin gogewa. A gida Baban Auta ya kafa mata doka a kan wayar nan, yakan ce, "Ke da za a ba ki dama, da har kwalta kin wanke. Ki bar min kayana yadda na san su." To ga ta a benci ita kaɗai, tunaninta na can kan teku, sai hannun ya shiga abin da ya saba. Ta hura wa gilashin iska, ta murza da mayafi. Bai fita ba. Ta ciro 'yar kwalbar ruwan goge gilashi da ba ta rabuwa da ita a jaka, ta ɗiga, ta bi lungu-lungu, har sai da wayar ta yi ƙyalli kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ba ta ma san ta yi ba.

Da Mai Faci ya dawo ta miƙa masa. Ya danna gefe, fuskar ta kawo haske, wasu ɗige-ɗige suka fito a jere.

"Af! Ai a kulle take. Kin san zanen?"

"Wane zane kuma?"

"Wanda yake ja da yatsa kafin ta buɗe."

Ta sha ganin mijin yana ja, kullum, kafin ya sha ruwan safe ma. Amma ba ta taɓa sa ido ba, don a ganinta wannan kamar leƙa aljihun miji ne. Mai Faci ya ce shi yana jin kamar ƙugiya mutumin yake yi. Ya ja ƙugiya, wayar ta girgiza ta ƙi. Ya ce ko kuwa kusurwa ce. Ya ja kusurwa, ta ƙi. Ya goge gumi ya ce su kai wa mai ita.

Ta durƙusa a gefen gadon ta sa wayar a ƙarƙashin hannunsa na hagu. "Baban Auta, buɗe min. Yaron nan zan kira. Don Allah ka buɗe min." Idon ya kalli wayar, ya kalle ta, ta ga sarai ya gane. Yatsan ya taso yana rawa, ya sauka a kan ɗigo ɗaya, ya ja, sai ya zame ya faɗi a katifa. Ta mayar masa. Ya sake ja, ya tafi wani wajen. Ashe zanen ba a kansa yake ba, a babban yatsansa na dama yake, wanda ya yi ta ja shekara da shekaru ba tare da tunani ba, shi kuma yatsan ya riga mai shi tafiya. Ta ɗago hannun daman ta ɗora yatsan a gilashin, tana roƙonsa kamar yatsa na da kunne. Ko motsi. Hawaye ya gangaro daga idon mai aiki ya shige masa kunne.

Wani rubutu ya fito a fuskar wayar. Nas ɗin da ke canja ruwa a gadon kusa ta leƙo ta karanta musu: an yi kuskure da yawa, sai an jira kafin a sake gwadawa.

"Mama, ku daina jagwalgwala ta haka, kada ta rufe muku gaba ɗaya. Ku kai layin masu gyara, bayan babbar tasha."

Ta bar Mai Faci a wurin mara lafiyan ta fita. Rana ta take, motar haya ta tsaya ɗaukar kowa da kowa a hanya, har da mai buhunan da sai da aka sauke kujera. Ta ji kamar ta sauka ta tura motar da hannunta.

Layin masu waya wani dogon lungu ne mai rufin kwano, ko'ina kiɗa, ko'ina ana jan hannunka. Na farko ya juya wayar ya ce sai dai a wanke ta. Na biyu ma haka. Ta tambaya in an wanke lambobin za su tsaya, ya yi dariya ya ce komai tafiya zai yi, za ta dawo sabuwa fil. Ta fizge abinta. Na uku ne ya ji tausayinta ya nuna mata wata rumfa a can ƙurya, ya ce ta je wurin Injiniya, in ita ta kasa to a haƙura.

Injiniya mace ce mai jiki, da tabarau a ido da wani gilashin ƙara girma a goshi, teburinta cike da wayoyin da aka farke wa ciki. Ba ta ɗago ba har Maman Auta ta gama bayani, tana haɗa wani siririn abu da ƙarfe mai hayaƙi. Sai da ta ajiye sannan ta ce, "Me mijin naki yake yi?"

"Bakanike ne."

Fuskar Injiniya ta washe. "To kin zo da sa'a, Yaya. Bakanike da mai fenti da mai tuya, wayarsu ba ta da sirri. Yatsansu na barin sawu. Kullum hanya ɗaya yake bi, man ya kwanta a wurin kamar turbar shanu. Haske kawai zan karkata in karanta miki shi. Kawo."

Ta kunna fitilar tebur ta karkata wayar. Ta juya ta wancan gefen. Ta sauko da gilashin goshinta ta ƙura ido. Sannan ta kai wayar hanci ta shinshina.

"Wa ya goge wayar nan?"

Ta sake duba gilashin ta ci gaba.

"Ba ma gogewar wasa ba, har da ruwan gilashi. Ko ƙura ba a bari ba. Wane mai neman suna ne ya yi wannan aiki?"

"Ni ce," in ji Maman Auta. "Ɗazu, a asibiti. Na ga ta yi datti."

Ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba, a cikin ɓawon wayoyi da guntayen leda. Ta kalli hannayenta, waɗanda ruwan wanke banɗaki ya cinye har suka tsattsage, ta shiga buga su a cinya. Mabuɗin yana hannunta, mijinta ya rubuta shi da man sana'arsa yadda ko ita da ba ta yi karatu ba za ta iya gani, ta sa hannu ta share. Da na sani ƙeya ce. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko a gaban likita, tana faɗin, "Na kashe yaron nan, na raba shi da ubansa, ni da hannuna."

"Tashi, kina tare min hanyar kwastoma," in ji Injiniya. Amma ta turo mata kujera da ƙafa, ta miƙo mata ruwa, ta rage ƙarar rediyo. "Ba wani mai lambar yaron? Abokinsa? Sunan jirgin fa?"

"Duk Baban Auta ne ya sani. Ni dai miƙo min ake yi in yi magana."

Injiniya ta jujjuya wayar a hannu tana kaɗa ƙafa. Can ta ce, "Saurara da kyau. Zan iya cire layin mijinki in sa a wata waya, in buɗe manhajar da suke kira da ita da lambarsa. Amma lambar ɗanki ba za ta biyo mu ba, tana kulle a cikin waccan. Mu ba za mu iya kiransa ba. Shi ne zai iya kiranmu."

"Ai ba zai kira ba. Fushi suke yi."

"Fushi daban, leƙe daban. Ni nan da kika gan ni, na yi shekara ba na magana da uwata, amma ba ranar da ba na buɗe waya in kalli hotonta, in duba ko ta hau. Ba ɗan da ba ya leƙe. Wane hoto ne a kan layin mijinki?"

"Gaban wata tsohuwar mota da ya tayar bayan kowa ya ce ta mutu. Tun da ya sayi wayar bai canja ba."

"To yau za mu canja. Mu sa abin da in ya gani zai kasa zama. Amma ki sani, caca ce. In yana tsakiyar ruwa inda ba sabis, ko bai leƙa yau ba, shi ke nan."

"Yi," in ji Maman Auta. "Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi."

Injiniya ta zaro layin da tsinke, ta sa a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ta yi 'yan danne-dannenta. Sannan ta ce a rubuta a farar takarda cewa ya kira gida da gaggawa, a ɗauki hoton takardar. Maman Auta ta girgiza kai. Ta ce Auta zai ɗauka ɓarayi ne suka sace wayar suna neman damfararsa, don shi da kansa ya sha yi wa ubansa kashedi a kan irin wannan. Injiniya ta ce to ta koma asibiti a ɗauki mara lafiyan a gado. Nan ma ta ƙi. Baban Auta mutum ne da ko zazzaɓi yake yi ba ya yarda a sani, ba za ta kafa karkataccen bakinsa kowa da kowa ya kalla ba.

"To me za mu sa? Ni fa ina da aiki."

Maman Auta ta gyara mayafi. "Ki sa ni."

"Ke?"

"Auta ya san ko da wuƙa a wuya ba na tsayawa hoto. Ko ran da ya gama makaranta bayan mutane na ɓuya. In ya ga fuskata a wurin motar nan, zai san ba lafiya ba."

Ba a buƙaci a ce mata ta ɓata rai ba. Injiniya ta ɗaga wayar ta ɗauka, ta juyo mata ta gani. Idanu sun kumbura, leɓe ya bushe, ga wuyan rigar aiki ya leƙo ta ƙarƙashin mayafi. Ta daɗe ba ta kalli kanta haka ba, duk da madubin da take gogewa kullum. Sai ta ga ashe ta tsufa, har ta koma kamar mahaifiyarta. Kunya ta kama ta, ta haɗiye, ta ce a sa.

"Na sa. In ta yi ƙara, ki ja koren nan sama. Ja za ki yi, ba dannawa ba. Ta mijinki ki bar ta nan a caji. In komai ya lafa ki dawo min da tawa, sauran magana sai lokacin. Tashi ki tafi, Allah ya sa ya leƙa."

La'asar ta yi kafin ta koma. Mai Faci ya tare ta a ƙofa, ta ga yadda ya kawar da kai. Numfashin Baban Auta ya canja. Yana ja da ƙarfi kamar mai minshari, ya tsaya, sannan ya sake ja. Idon ya rufe rabi. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora wayar a cinya ta tallafe da hannu biyu.

"Baban Auta, na yi maka ɓarna," ta ce a kunnensa. "Na goge wayarka, kuma na cire motarka na sa fuskata. In ka tashi ka yi min faɗa yadda kake so. Amma ka jira. Yaron nan zai kira. Ka ji? Ba a san ka da gaggawa ba, mota ɗaya sai ta yi wata a hannunka. Ka jira."

Wayar ta yi ƙara. Ta danna koren, ta danna, ta tuna an ce ja, ta ja, busasshen yatsanta ya ƙi kamawa. Ta ƙwala wa nas kira, nas ta rugo ta ja mata. Muryar wani mutum ce ta fito, yana tambaya ko an gama masa birki, don gobe yana da tafiya. Maman Auta ta ce masa ba a gama ba. Ya fara faɗa, nas ta kashe.

Daga nan sai jira. Rana ta sauko ta shigo ta taga ta kwanta a kan zanen gado. Masu ziyara suka cika ɗakin da kwanuka da surutu, aka kaɗa musu ƙararrawa suka watse. Mai Faci ya ce bari ya je ya rufe gareji kafin a kwashe kayan mutane. Ita dai idonta na kan tsagaggen gilashin, in hasken ya mutu ta taɓa gefe ya dawo. Ta yi addu'a har ta rasa abin da za ta ƙara. Ta koma yi wa Auta magana a zuci, ta lallashe shi, ta zage shi, ta ce masa ɗan banza mai zuciyar ubansa, ta sake lallashi. Tsoro ya cika ta, irin wanda ke sa bakin mutum ɗaci.

Numfashin ya ja, ya tsaya. Ta jira na gaba. Ya zo. Ya sake ja, ya tsaya. Ta jira. Ta ci gaba da jira, har ta ga ita ce ta riƙe nata numfashin, nasa kuwa bai dawo ba.

Nas ta zo ta taɓa wuyansa, ta sa abin awo a ƙirji ta saurara. Ta ja labule ya zagaye gadon. Ta shafa masa idon ya rufe, ta ce a hankali, "Sai haƙuri, Mama." Maman Auta ta yi salati, bakinta ne kawai ke motsi. Nas ta tafi ta dawo da farin zane a ninke.

A nan wayar ta sake ƙara, da wani irin sauti daban. A fuskarta ga wani ɗan hoto na mutum cikin rigar aiki ruwan lemo. Ko daga nesa ta san waɗannan kafaɗun. Ta miƙa wa nas, nas ta ja koren.

"Mama? Mama, ke ce? Me ya faru na ga hotonki? Ina Baba?"

Fuskarsa ta cika gilashin, gumi na zuba, ƙarar inji a bayansa, hoton na tsayawa yana tafiya. Ya rame. Ta buɗe baki ta gaya masa gaskiya, sai ta ga idonsa, ta ga ya riga ya fara tsorata da abin da zai ji. Ta kalli nas. Nas ta fara warware zanen. Maman Auta ta girgiza mata kai.

"Ga shi nan," ta ce. "Ba shi da lafiya, muna asibiti. Ba ya iya magana, amma yana jin ka. Yi masa magana, Auta."

Ta san ƙarya take yi, a gaban gawa, kuma ta san za ta amsa tambaya a kanta. Ta juya wayar ta saita ta ɓangaren fuskar da bai karkace ba.

Da farko sheshsheƙa kawai Auta yake yi. Sannan maganar ta ɓalle. Ya ce shi ne da laifi. Ya ce kullum sai ya ɗauki waya zai kira, zuciya ta hana shi. Ya ce ba garejin ya raina ba, duk abin da ya iya a ɗakin injin nan a wurin Baba ya koya, har shugabansu na tambayarsa wa ya koya masa sauraron inji da kunne. Ya ce zai dawo, zai karɓi garejin, zai yi duk abin da aka ce.

"Baba, ka yafe min. In ka yafe min ka yi min alama, ko yatsa ne ka motsa. Mama, nuna min hannunsa."

Maman Auta ta karkata wayar zuwa hannun hagu da ke kwance a katifa. Ɗaya hannun nata ta zura ta ƙarƙashin bargo, ta kamo gwiwar hannunsa inda wayar ba ta gani. Da sauran ɗuminsa. Ya yi mata nauyi fiye da yadda ta zata. Ta cije leɓe ta ɗaga. Hannun ya tashi kaɗan daga katifa, yatsun suka yi lilo, ta sauke shi a hankali.

"Na gani! Mama, na gani, ya ɗaga!" Yana kuka yana dariya, yana share hanci da bayan hannu. "Na gode, Baba. Tashar gaba zan sauka, wallahi ko ba su sallame ni ba. Mama, ki ce masa ya jira ni."

"Ya ji ka," in ji Maman Auta. "Ka taho a hankali."

Nas tana tsaye a bakin labule da farin zanen a hannu. Ba ta matso ba sai da layin ya katse.